Masu Ɗori na Garwa da Ciwon Gwiwa

Tun zamanin da Garwa ta shiga ƙarƙashin tutar Modibbo Adama, a ƙarni na 19, fatake Hausawa suka riƙa sauka a bakin Binuwai da hajarsu, kuma bisa al'adar kowane zango, wanzami da mai ɗori suka biyo sawunsu, domin ayarin da ke tafe da jakuna da kaya a ka ba ya rabuwa da karaya. Sana'a ce ta gado, wadda ɗa ke koya a gaban mahaifinsa: a lalubi ƙashi, a ja shi ya koma muhallinsa, a jera kara a ɗaure, sannan a tofa addu'a. Ko a Andalus, likita Zahrawi ya keɓe wa ɗori babi guda a littafinsa Attasrif, alama ce cewa hukama'u ba su raina wannan ilmi ba.

Amma gwiwar da ta murɗe alhali tafin ƙafa yana kafe a ƙasa, lamarinta dabam ne, domin galibi ƙashi lafiya lau yake, illar tana ga guringuntsin da Allah Ya shimfiɗa tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, ko ga jijiyoyin da suka gitta juna a cikin gaɓar, wurin da hannu ba ya kaiwa. Magabata sukan ce targaɗe ne, su murza da man shanu, wani lokaci wanzami ya sa ƙaho. Kumburi ya sauka, amma da mutum ya juya, ko ya zauna tahiya, sai zogi ya dawo. Sai a 1883 wani likita a Sikotilan, Thomas Annandale, ya buɗe gwiwa ya ɗinke guringuntsin da ya yage.

Ƙwallon ƙafa ya ƙara yawaita wannan larura, musamman bayan an kafa ƙungiyar Coton Sport ta Garwa a 1986, samari suka duƙufa ga wasa a kowane fili. A ganina, mai ɗorin ƙwarai shi ne wanda ya san iyakar hannunsa. Saboda haka, ya ku jama'ar unguwar Pumpumre, gwiwar da ta kumbura nan take, ko ta sarƙe ta ƙi miƙewa, ku kai ta asibiti kafin kowa ya murza ta.