Gawar Ferrari a Kasuwar Gwanjo

A watan Agustan 2023 na karanta wani ɗan gajeren labari a ƙarshen shirina na yamma, irin labaran nan da muke ajiyewa don mai sauraro ya yi murmushi kafin kiɗan sallama. An yi gwanjon wata mota ƙirar Ferrari a garin Monterey na jihar Kalifoniya a Amurka, wani ya saye ta dala miliyan 1 da dubu 875. Motar kuwa ba taya, ba gilashi, ba kujera. Ƙarfe ne a lanƙwashe wanda wuta ta cinye tun shekarun 1960. Ban rufe baki ba sai wayar situdiyo ta yi ƙara. Wani dattijo ne, ya ce shi bakanike ne, ya shekara arba'in yana shiga ƙarƙashin mota. Ya ce, "Ɗana, ko dai ka karanta kuɗin ba daidai ba, ko kuwa Turawan nan sun zautu. Irin wannan a wurinmu a sikeli ake ɗora ta." Na ce, "Baba, haka aka rubuto mana." Amsar raggo ke nan, kuma na san ta raggo ce tun ina faɗa. Wannan rubutu bashin dattijon nan ne nake biya.

Sai mun koma Italiya kafin mu gane. An haifi Enzo Ferrari a Modena a 1898, ya yi tuƙin tsere a kamfanin Alfa Romeo, daga baya ya kafa nasa a wani ƙaramin gari mai suna Maranello. Motar farko da ta ɗauki sunansa, 125 S, ta fito a 1947, kuma a watan Mayun shekarar wani direba, Franco Cortese, ya ci tsere da ita a birnin Roma. Ku riƙe sunan nan, za mu komo kansa. Shi Enzo tsere ne a ransa. Yana sayar wa attajirai motocin hawa ne don ya sami kuɗin gina na tsere, kuma motar da ta gama tserenta ba ta da wani matsayi a idonsa. Motocin da Phil Hill ya ci gasar duniya ta Formula 1 da su a 1961, kamfanin da kansa ya farfasa su, har yau babu ko ɗaya ta asali da ta saura. Wato a wancan zamani ra'ayin mai kamfanin da na bakanikenmu ɗaya ne: tsohuwar mota ƙarfe ce.

Misalin da ya fi fito da abin a fili shi ne 250 GTO, wadda a yau ake yi wa kallon sarauniyar wannan kasuwa. Guda 36 kacal aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Injiniya Giotto Bizzarrini ne ya faro aikinta, da ya bar kamfanin a rigimar 1961 sai Mauro Forghieri ya ƙarasa. Injinta mai silinda 12 ne, lita 3, da kafireto shida na Weber. Jikin kuma a shagon Sergio Scaglietti na Modena aka buga shi da guduma daga fallayen alminiyam, da hannu da ido, shi ya sa ba ka samun biyu da suka yi daidai ƙwabo da ƙwabo, har gefen dama da na hagu na mota ɗaya sukan ɗan saɓa. Sabuwa dal ana sayar da ita dala 18,000 a Amurka. Ta ci gasar duniya ta ajinta shekara uku a jere, 1962, 1963 da 1964. Daga nan sababbi suka fito, ta zama tsohon yayi. Akwai wadda aka ba wata makarantar sakandare a jihar Texas kyauta don ɗalibai su koyi kanikanci, daga baya ta shafe shekaru sama da goma a kan tirela cikin ciyawa a jihar Ohio, ruwa da ƙanƙara suna dukanta. A 1977 Nick Mason, makaɗin gangar ƙungiyar Pink Floyd, ya sayi tasa ƙasa da fam 40,000, a lokacin ma ana ganin ya zuba kuɗi da yawa.

Abin ya juya a shekarun 1980. Yaran da suka tsaya bakin hanya suna kallon tsere a 1962 sun girma sun yi kuɗi, suna neman abin da ya burge su suna ƙanana. Da Enzo ya rasu ranar 14 ga Agustan 1988 sai aka fahimci ba za a ƙara samun motar da aka ƙera a gabansa ba, farashi ya haukace. A 1989 wani Bajafane ya biya sama da dala miliyan 13 a kan GTO ɗaya. Shekaru kaɗan bayan haka kasuwa ta faɗi, aka sake sayar da ita a kan abin da bai kai sulusin kuɗin ba. Mutane da dama sun ci bashin banki sun tara motoci, suka wayi gari bashin ya fi motocin daraja. Wani basaraken Ingila, Lord Brocket, ya sa aka yanyanka Ferrari uku da Maserati ɗaya nasa a 1991, ya ce sace su aka yi don kamfanin inshora ya biya shi fam miliyan 4 da rabi. Asiri ya tonu, aka ɗaure shi a 1996. Ina kawo wannan ne don kada wani ya ɗauka kasuwar nan hawa kawai take yi.

Amma ta sake tashi, ta wuce inda take a da. A 2014 an sayar da GTO ɗaya dala miliyan 38 a gwanjo, a 2018 wata ta kai miliyan 48.4, a Nuwamban 2023 kuma wata ta kai miliyan 51.7 a birnin New York. Ita ta 2014 ɗin akwai abin lura a tarihinta. A watan Oktoban 1962 ta yi mummunan haɗari a filin tsere na Montlhéry kusa da Paris, direbanta Henri Oreiller ya mutu a ciki, aka mayar da ita Maranello aka sake gina ta. Da a tasharmu ne, an ce maka mota ta taɓa kashe direbanta, ko rabin kuɗi ba za ka taya ba. A can haɗarin ya shiga cikin takardunta, ya zama wani ɓangare na abin da ake saye.

To a nan masu gyara suke shigowa, kuma su ne suka fi ba ni sha'awa a duk labarin. Gyaran irin waɗannan motoci ya sha bamban da fenti da canza mai. Ana kwance mota har ƙusa ta ƙarshe, a ɗauki hoton kowane yanki, a rubuta masa lamba, a kankare fenti har a kai ga tsirarar ƙarfe don a ga abin da masu gyaran baya suka ɓoye da shafe. Aiki ɗaya yakan ci shekara biyu ko uku. Inda alminiyam ya mutu sai an samo mabugi da zai buga sabo da guduma kamar yadda aka yi a 1960, kuma masu wannan hannu ba su da yawa, mafi yawansu a kewayen Modena da Torino da Milan suke, sai wasu a Ingila. Ƙafafun mota masu wayoyi ana mayar da su kamfanin Borrani na Milan a sake ɗaure su. Hatta launin fenti da irin ɗinkin kujera sai an koma takardar ranar da motar ta bar masana'anta. Wahalar ita ce, gwanin zamani yakan fi na da iyawa, kayan aikinsa sun fi kyau. Sai ya fitar da mota mai santsi da daidaito irin wanda Scaglietti bai taɓa fitarwa ba, kuma wannan a wurin masana aibi ne. Sai ka ga ana biyan mutum ya bar walda da ɗan muni don haka take a asali.

Inda kuɗi ya taru, maƙaryata ba sa nisa. Ferrari ta ƙera wata mota mai kujera huɗu, 250 GTE, kusan guda 950, wadda injinta da ƙashinta dangi ne na GTO. An yanka da yawa daga cikinsu an ɗora musu jikin GTO na kwaikwayo. Wasu masu yin haka sukan faɗi gaskiya, wasu kuma su buga lambar ƙarya. An sha samun motoci biyu suna da'awar lamba ɗaya, ɗaya tana da injin asali, ɗaya tana da ƙashin asali, lauyoyi su ci kasuwa. Ganin haka a 2006 kamfanin ya buɗe sashe mai suna Ferrari Classiche a Maranello. Kana kai motarka da ta haura shekara 20, su duba lambar shasi da ta inji da ta giya, su gwada da kundin masana'anta, in ta dace su ba ka takardar shaida cikin jan littafi. Lamborghini ma ta buɗe nata, Polo Storico, a 2015. Ni dai akwai abin da bai kwanta mini ba a nan. Kamfanin da ke ba da shaida shi ne kuma ke karɓar kuɗin gyara don motar ta cancanci shaidar, shi ne alƙali shi ne mai shago. Kuma kamfanin da ya farfasa motocin Phil Hill ne yau ya zama mai gadin tarihi. Duk da haka mai saye yana neman jan littafin nan kamar yadda mai sayen fili ke neman takardarsa.

Daga baya ma sai aka shiga muhawarar ko ya kamata a gyara tun farko. A ƙarshen 2014 aka gano motoci wajen 60 a wata gona a yammacin Faransa, waɗanda wani mai kamfanin sufuri, Roger Baillon, ya tara da niyyar buɗe gidan tarihi, kasuwancinsa ya karye a shekarun 1970, motocin suka zauna cikin rumfunan kwano. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California ta 1961 da ɗan wasan fim Alain Delon ya taɓa hawa, an same ta a gareji an jibga mata tarin mujallu a baya. Ba a taɓa ta da fenti ba, a haka aka kai ta gwanjon Artcurial a Paris a watan Fabrairun 2015, aka saye ta yuro miliyan 16.3. Ku lissafa da kuɗinmu na sefa, ya haura biliyan 10 da rabi. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce ana iya gyara mota sau goma, amma fentin masana'anta in ya tafi ya tafi ke nan. A babbar gasar ado ta Pebble Beach a Kalifoniya, inda Ferrari 375 MM ta mai shirya fim Roberto Rossellini, gyararriya tsaf, ta zo ta ɗaya a 2014, a 2024 Bugatti ce da aka bari da tsufanta ta lashe.

Yanzu mu koma ga gawar da ta sa Baba ya bugo waya. Sunanta 500 Mondial, ƙirar 1954, lambar shasinta 0406 MD, ita ce ta biyu da aka ƙera a jerinta. Franco Cortese, mutumin nan da ya fara ciyo wa Ferrari tsere a 1947, shi ya tuƙa ta a 1954, har da tseren Mille Miglia mai nisan kusan kilomita 1,600 daga Brescia zuwa Roma a dawo. Ta ƙetare zuwa Amurka a 1958, ta yi haɗari ta kama wuta, wani mai tara motoci na jihar Fulorida ya saye ta a ƙone ya ajiye tare da wasu Ferrari. A 2004 guguwar Charley ta rushe rumfar da suke ciki, duniya ta ga abin da ke ɓoye. Wanda ya biya kusan dala miliyan biyu ya sayi lambar nan da ke jikin ƙarfen, da akwatin giyarta na asali, da takardun da suka tabbatar ita ce. Da waɗannan yana da haƙƙin gina mota a kewayensu ya kira ta 0406 MD, ya nemi shiga bikin Mille Miglia na tunawa da ake yi kowace shekara, wanda sai irin motocin da suka yi tseren na asali tsakanin 1927 da 1957 ake karɓa. Duk wanda ya gina irinta ba tare da lambar ba, komai kyanta, kwaikwayo ce. Masu kiwon dawaki za su gane wannan da sauri, don su ma sukan tambayi uwa da uba kafin su duba haƙori.

Ban ce hankalina ya kwanta da mutum ya zuba irin wannan dukiya a kan abin hawa da ba zai kai ɗansa makaranta da shi ba. Amma na daina cewa sun zautu. Mahaifina yana da Fijo 404 da ta yi shekara da shekaru tana jigilar mutane da buhuna tsakanin garinmu da ƙauyukan kewaye. Bayan rasuwarsa ta zauna a ƙofar gida har kaji suka mayar da ita akurki, ranar da masu sayen tsohon ƙarfe suka zo ni na riƙe musu sikelin. Katin motar ma ban san inda aka jefa shi ba, hotonta ɗaya ne ya rage, shi ma rabinta kawai ya fito a bayan wani ango.

Na sake ware minti goma a shirin don bayanin nan, na roƙi dattijon ya bugo in yana saurare. Ya bugo. Ya ce ya ji, ya kuma gode, amma yana da tambaya ɗaya: in an buga mata sabon jiki, an sa mata wani inji, an ɗinka sabuwar kujera, wane wuri ne a cikinta shi Cortese ɗin ya taɓa zama? Na ce, "Baba, wataƙila ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar." Ya yi dariya ya ce to a gaishe da mai ita, lokacin labarai kuma ya yi, mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu.