Daga Fijo 504 Zuwa CVT: Tarihin Giyar Da Ba Ta Da Lamba



Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kauru kafin shekarar 2000 ya san zamanin Fijo. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri cikin Kaduna, kuma 504 ce ta daɗe tana jigilar mutanenmu zuwa Pambeguwa, Saminaka da Kafanchan. Giyarta ta hannu ce. Direba ya taka kuloci, ya sa lamba ɗaya ya haye tudu da buhunan masara, in ta lalace kuwa kusan kowane bakanike zai kwance ta ya ɗaura. Daga baya motocin Beljiyam suka shigo da otomatik, aka yi ta gardama, har aka saba.

Yanzu ga ta uku ta iso cikin ƙananan jif-jif da ma'aikata da 'yan kasuwarmu ke saye, wato CVT. Da yawa sun ɗauka sabuwar fasaha ce, alhali ta girmi 504 ɗin kanta. A 1958 kamfanin DAF na ƙasar Holan ya nuna wata 'yar ƙaramar mota mai giyar Variomatic, ƙirar Hub van Doorne, mai aiki da bel na roba. Abin dariya, gudun da take yi gaba shi take yi baya, har mutanen Holan suka riƙa tsere da ita da baya-baya. Roba ba ta jure babban inji, shi ya sa abin ya tsaya a ƙananan motoci sai da aka samu bel na ƙarfe, wanda Subaru ta sa a motarta Justy a 1987.

Yadda take aiki ba wuya. Maimakon haƙoran giya, fuli biyu ne da bel a tsakaninsu. Kowane fuli ɓari biyu ne masu tsukewa da buɗewa da ƙarfin mai; in ɗaya ya tsuke, bel ya hau sama, ɗayan ya buɗe. Don haka babu lamba ɗaya, babu lamba biyu. Wannan ne ya sa za ka taka totur ka ji inji ya tsaya a ƙara guda mota kuwa tana ta ƙara gudu. Wasu direbobinmu sukan ce giya ta fara zamewa, su nufi gareji, nan kuwa lafiyarta ƙalau.

Nissan ce ta fi kowa rungumarta a jif, ta sa ta a Murano a 2003, sannan Rogue a 2008. Ƙorafi ya yi yawa a Amurka har kamfanin ya tsawaita garantin giyar motocin 2003 zuwa 2010 ya kai shekara 10 ko mil 120,000. To ku lura, irin waɗannan motocin ne ke isowa gare mu bayan garanti ya ƙare. Honda CR-V ta Amurka ta koma CVT a 2015.

A ganina ba a yi mata adalci in an ce ba ta da amfani. A kan kwalta, ko cikin cunkoson Kaduna, tana da laushin tuƙi kuma tana rage shan fetur, wanda ba ƙaramin abu ba ne tun cire tallafi a Mayun 2023. Matsalar ita ce zafi. A labta wa jif kaya, a shiga taɓon damina ta hanyar Damakasuwa, taya na juyawa a wuri ɗaya ana ta danna totur, man giya ya yi zafi, mota ta rage ƙarfi da kanta don kare giyar. In aka matsa, bel ya goge fuli.

Sai batun mai, inda asara ta fi yawa. Jan man otomatik da aka saba da shi ba nata ba ne. Nissan na shan NS-2 ko NS-3 gwargwadon shekarar mota, CR-V ta 2015 kuwa HCF-2. Kuma in ta mutu, ba kasafai ake samun mai gyaranta a kusa ba, yawanci sai an je Panteka a Kaduna an sayo wata ta hannu an ɗaura gaba ɗaya.