Gandu da Ruwan Tiga: Sauyin Zaman Noma a Ƙasar Kura da Bunkure

Kafin ruwan Tiga ya iso ƙasar Kura da Bunkure, gandu shi ne ginshiƙin noma a wannan yanki. Ɗa, ko da ya yi aure, yakan yi wa uba aiki a gonar gandu, ya koma gayaunarsa da yamma. Shi kuwa uba, ci da haraji da aurar da 'ya'ya duk suna wuyansa. In aiki ya fi ƙarfin gida, sai a kira gayya.

A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, aka jawo ruwanta zuwa Kadawa bisa tsarin da masana daga Holan suka zana. Aka baje gonaki, aka sake yanka su, aka rubuta kowane fegi da sunan mutum guda. A nan gizo yake saƙar, domin takarda ba ta san gandu ba. Alkama da tumatir kuma amfanin sayarwa ne, masu cin taki da ƙwadago. Saurayin da ya ga zai sami kuɗi a hannu da rani, da wuya ya jira uba ya yi masa aure. Sannu a hankali gandaye suka yi ta rabuwa, jinga ta ture gayya.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan ɗabi'ar Turawa ta kowa tasa ta fisshe shi. Wannan rabin magana ce. Manomin da ya fita daga hannun uba bai zama mai cin gashin kansa ba. Ruwa ta hanya ɗaya yake biyowa, in na sama ya tare, na ƙasa ya yi asara, dole ta sa aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don yashe magudanai da rabon kwanaki. Farashi kuma daga nesa ake yanke shi. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, manoman Kadawa suka dara. Da aka ɗage hanin a 1992, alkamar Amurka ta dawo ta karya kasuwa, da yawansu suka karkata ga shinkafa. Haka tumatirin gwangwani na Sin ya daɗe yana yi wa ɗanyen Kadawa, har kamfanin Dangote ya buɗe masana'antar sarrafa tumatir a can a 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin.