Ganye tsoho, zane sabo: yadda lallen Indiya ya samu siffarsa

Wanda ya ga hannun amaryar Indiya, an cika shi da ɗawisu da furanni da raga mai ƙananan idanu tun daga kan yatsu har gwiwar hannu, zai ɗauka haka zanen yake tun kaka da kakanni. Ganyen lallen dai tsoho ne ƙwarai. Siririn zanen da duniya ta sani da sunan mehndi kuwa bai daɗe da kai wa wannan matsayi ba.

Bishiyar lalle, wadda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, tana son zafi da ƙarancin ruwa, shi ya sa ta bazu daga Arewacin Afirka zuwa ƙasashen Larabawa da Farisa da yammacin Indiya. A cikin ganyenta akwai sinadarin lawsone, wanda ke kama furotin ɗin da ke cikin fata da farce da gashi. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi ko'ina kaurin fata, don haka nan ne launin ya fi kamawa. Mutanen Masar ta dā sun san wannan amfani, domin an samu gawarwakin da aka adana da alamar lalle a gashinsu.

A Indiya kuwa, matan zamanin dā sun fi rina ƙafa da tafin hannu da wani jan ruwa mai suna alta, wanda ake samu daga ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itace, kuma har yau ana amfani da shi a Bengal. Kalmar mehndi ta samo asali daga harshen Sanskirit, abin da ke nuna an daɗe da sanin ganyen a ƙasar. Sai dai darajarsa a matsayin adon fada ta ƙaru ne da zuwan sarakunan Musulmi masu al'adun Farisa, musamman daular Mugal da Babur ya kafa a 1526. A zane-zanen fadar wannan daula ana ganin mata da jajayen kan yatsu, wani lokaci da ɗigo ko da'ira a tsakiyar tafi. Ado ne mai sauƙi, wanda bai yi nisa da ƙunshin da kakanninmu suke yi da zunguru ba.

Abin da ya daɗe yana taƙaita zane shi ne kayan aiki. Da tsinke ko sirin itace ake ɗora kwaɓaɓɓen lalle, kuma layin da tsinke zai ja yana da iyaka. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 ne aka koma naɗe leda kamar mazurari, a zuba lallen da aka tankaɗe ya yi laushi, a huda ƙaramin baki a tsininta. Daga nan mai zane ta samu abin da ke aiki kamar alƙalami. Siffofin da aka saba gani a jikin tufafi da gine-ginen Rajasthan, irin su ɗawisu da ɗan mangwaro mai lanƙwasa da tagogin raga, suka sauka a kan fata. Har aka shiga zana ango da amarya a tafi, ana kuma ɓoye harufan sunan ango a cikin zanen domin ya nemo su a daren aure.

Wannan ado ya zama sana'ar gari guda. Sojat, a gundumar Pali ta jihar Rajasthan, shi ne cibiyar noman lalle da niƙa shi a Indiya, kuma a 2021 gwamnati ta ba lallen garin shaidar asali, ta yadda ba a yarda wani ya sayar da nasa da wannan suna ba. Kasuwarsa tana tashi a lokacin bukukuwan aure, da bikin Teej da na Karva Chauth na matan Hindu, da kuma daren jajibirin Salla a wurin Musulmi.

Finafinai ne suka fitar da shi waje. A Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 akwai waƙa sukutum a kan lallen amarya, sannan a 1998 mawaƙiyar Amurka Madonna ta fito da zanen a hannunta cikin bidiyon waƙarta Frozen. A Kano da Kaduna da Zindar, inda finafinan Indiya suka daɗe da zama 'yan gida, zanen ya tarar da ƙofa a buɗe, tun da sa lalle rana ce guda a bikin Bahaushe.

Sai dai akwai abin da ya ɓace a hanya. Lalle na gaskiya yana buƙatar haƙuri: a bar shi sa'o'i a fata, a Indiya har ana shafa masa ruwan lemon tsami da sukari don kada ya zube, ya fito ruwan goro, sai bayan kwana biyu ya nuna sosai. Ba ya taɓa yin baƙi ƙirin. Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis, wanda ke kamawa cikin mintoci, yawanci yana ɗauke da sinadarin PPD na rinin gashi, wanda kan sa fata ta yi ƙuraje da bororo, ya bar tabo mai siffar zanen, wasu ma su kasa jure rinin gashi har ƙarshen rayuwarsu. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gargaɗi a kansa. Amaryar da za a yi wa zane a wannan mako tana da haƙƙin ta tambayi abin da ke cikin ledar kafin a ɗora mata, ta kuma ware kwana biyun da ganyen ke buƙata.