Sarkin Santambul da Mai Zanen Birnin Banis

A cikin shekarar 1479, bayan yaƙin shekara 16, Daular Usmaniyya ta Turkawa da Jamhuriyar Banis ta ƙasar Italiya, wadda Larabawa ke kira Bunduƙiyya, suka yi sulhu. Banis ce ta sha kaye. Ta saki garin Shkodra na Albaniya, ta kuma amince za ta riƙa biyan kuɗin zinariya dukat 10,000 kowace shekara domin a bar fatakenta su yi ciniki a ƙasashen Turkawa. Watanni kaɗan bayan haka sai ga manzo ya iso Banis daga fadar Santambul da wata buƙata dabam: Sarki Muhammadu na Biyu yana son a aika masa da gwanin zanen sura.

Wannan Sarki shi ne wanda ya ci birnin Kustantiniya a 1453 yana da shekara 21, har aka yi masa laƙabi da Alfatihi, watau Mabuɗi. Tun daga nan ya ɗauki kansa magajin sarakunan Rumawa, yana amsa sunan Ƙaisar. Ya kuwa san cewa sarakunan Italiya na zamaninsa sukan sa a zana surarsu, ko a buga ta a jikin lambar tagulla, su aika wa takwarorinsu. A wurinsu sura wasiƙa ce, tana faɗin darajar mai ita ba tare da tafinta ba.

Majalisar Banis ba ta ɗauki buƙatar da wasa ba, domin amincin fataucinta ya rataya ne a kan yardar Sarkin. Saboda haka ta zaɓi Jentile Belini, wanda a lokacin yake aikin ƙawata babban zauren shawara na fadar birnin, ta damƙa aikin nasa a hannun ɗan'uwansa Jobanni. Belini ya shiga jirgin ruwa a watan Satumba na 1479. Ke nan ya tafi ne yana mai sana'a, yana kuma jakada.

Ya yi fiye da shekara guda a Santambul. Mafi shahara cikin ayyukansa shi ne hoton Sarkin, wanda ke ɗauke da kwanan wata 25 ga Nuwamba, 1480. An zana shi ne a kan ƙyalle da launin da aka dama da mai, tsawonsa kimanin santimita 70. Sarkin yana cikin wata taga mai bakan gizo, ya ɗan karkata fuska, da farin rawani a kan jar hula, da riga mai gashin dabba a wuya. A gabansa an rataya zane mai adon duwatsu masu daraja. Ta kowane gefe akwai kambin sarauta uku, ga kuma rubutu da harshen Latin mai kiransa wanda ya ci duniya da yaƙi. Rubutun nan ya isa shaida cewa Turawa ake nufi da saƙon. Bugu da ƙari, a watan Agusta na wannan shekara rundunarsa ta kama garin Otranto a kudancin Italiya, watau alƙalamin mai zane da takobin mayaƙa magana ɗaya suke yi.

Amma duk da wannan kirari, fuskar da ke cikin hoton ta mutum ce wanda gajiya ta kama. Sarkin ya daɗe yana fama da ciwon gaɓoɓi, mai zane kuwa ya bar dogon hancin da ramammen kumatun yadda ya gan su. A nan ne wuyar aikin take: wanda ya ba da aiki yana son a ga girmansa, yana kuma son duk wanda ya san shi ya shaida cewa shi ne. Alama ta nuna Sarkin ya gamsu, domin ya sallami Belini da sarƙar zinariya da muƙamin girmamawa.

Belini bai daɗe da komawa gida ba sai Sarki Muhammadu ya rasu, ran 3 ga Mayu, 1481, yana da shekara 49. Ɗansa Bayazidu na Biyu, wanda aka sani da tsantseni cikin al'amarin addini, bai gaji mahaifinsa wajen sha'awar surori ba, malamai da yawa kuwa sun daɗe suna hana zanen abu mai rai. Wani Ba'italiye mai suna Anjolello, wanda ya yi hidima a fadar, ya rubuta cewa sabon Sarki ya sa an sayar da zane-zanen a kasuwa, fataken Italiya suka saye da dama. Duk da haka aikin ya bar baya, gama masu zanen fadar sun koyi wannan salon karkata fuska, kamar yadda ake gani a hoton nan na Sarkin yana shinshinar fure.

Daga bisani hoton ya ɓulla a Banis, inda Baturen Ingila Austen Henry Layard, mai tonon kufan Ninawa, ya saye shi a 1865. A 1916 ya zama mallakar gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Landan, bayan masu gyara sun sha maimaita launinsa, har asalin hannun Belini ya ragu ƙwarai. A 2020 kuma hukumar birnin Santambul ta sayi wani hoton Sarkin, wanda ake dangantawa da masu aiki ƙarƙashin Belini, a wajen gwanjo a Landan, ta mai da shi gida.

Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, mai mulki yana iya zaɓen mai zane, da tufafi, da kirarin da za a rubuta, amma ba shi da iko da hannun da hoton zai faɗa bayan ransa. Magajinsa na jini ya fitar da shi daga fada, baƙi suka adana shi, ga shi yau da wannan fuska ce Turkawa da sauran duniya suka san Alfatihi.