Tarihin da ke rubuce cikin jini da ƙwayar hatsi

Duk malamin da ya taɓa jera tsofaffin kwafe biyu na littafi guda ya san mai kwafa ba ya rasa tuntuɓen alƙalami, kuma wanda ya kwafa daga gare shi yakan gaji kuskurensa. Da waɗannan kurakurai ake gane wane kwafe ya fito daga wane. Irin wannan dabara ce tushen fannin da jami'o'i ke koyarwa a yau, na bin sauyin halittu ta cikin ƙwayoyin gado da taimakon kwamfuta.

Abin ya faro daga jini. A 1949, Linus Pauling na Amurka ya nuna cewa amosanin jini yana da tushe cikin hemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. A 1962, shi da Emile Zuckerkandl suka kwatanta hemogulobin ɗin mutum da na dabbobi irin su doki, suka lura cewa bambancin yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar rabuwar zuriya. Ke nan ana iya ƙirga sauye-sauye a kintaci shekaru. Masana ƙasusuwan dauri ba su yi maraba da batun ba, kuma suna da ƴar hujja, domin agogon nan ba ya tafiya da sauri ɗaya ga kowace halitta.

Wadda ba a cika ambata ba ita ce Margaret Dayhoff. A 1965 ta tattara jerin sinadaran furotin 65 cikin kundi guda, tana shigar da su kwamfuta ta katuna masu huji. Wasu abokan aikinta sun ɗauki wannan aikin magatakarda ne kawai. Amma daga irin kundinta aka kai ga manyan rumbuna kamar GenBank, wanda aka buɗe a 1982, kuma har yau kowa na iya shiga cikinsa kyauta.

Mu a nan, hatsi ya kawo mana zancen gida. A 2017 aka kammala karanta ADN ɗin hatsi, wato gero, cikin wani aikin haɗin gwiwa da cibiyar ICRISAT ta jagoranta, wadda ke da tasha a Sadore kusa da Yamai. A 2018, wasu masu bincike suka kwatanta irin gida da na daji, suka gano cewa noman hatsi ya samo asali daga yammacin Sahara, ya fara bazuwa kimanin shekara 4,900 da suka wuce, lokacin da ƙasar ke bushewa. Babu kundin sarauta ko bakin maroƙi da ya kai can.

Ɗalibin wannan fanni sai ya haɗa ilimin halittu da lissafi da sarrafa kwamfuta, alhali makarantunmu sun saba raba su tun daga lise, malamin tarihi kuwa yana can gefe. Wani ɓangare na irin hatsin da ake nazari daga gonakin Sahel aka tsinto shi, amma yawancin lissafin a ƙetare aka yi.