Kanal ɗin MacGregor da Unguwar Obalende

Kanal ɗin MacGregor mashigin ruwa ne da aka haƙa a Legas a farkon ƙarni na 20, ya raba Ikoyi da tsibirin Legas, ya haɗa babban tafkin birnin da rafin Five Cowrie. Sunan gwamnan Legas na 1899 zuwa 1904 ya ci, wato William MacGregor.

 Sauro ne sanadin haƙa kanal ɗin. MacGregor likita ne, kuma ya yarda da binciken Ronald Ross cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, har Ross ɗin ya ziyarce shi a Legas a 1901. Sai ya duƙufa wajen janye ruwan fadamu, yana raba wa jama'a kwinin. Ya kuma ƙi amincewa a ware wa Turawa unguwarsu daban. Amma bayan tafiyarsa, a shekarun 1920, Ikoyi ta zama unguwar Turawa, kanal ɗin nasa ya zama iyaka tsakaninsu da 'yan ƙasa.

A bakin wannan iyaka Obalende take, unguwar da ta daɗe da Hausawa. Tun 1863 John Glover ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda rundunar sojan Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushenta, kuma sojoji Hausawa da iyalansu na cikin waɗanda suka fara zama a Obalende. Barikin Dodan, fadar shugabannin ƙasa daga 1966 har aka koma Abuja a 1991, maƙwabcinta ne. A kan hanyar zuwa barikin aka harbe Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu, 1976.

Mai bin kanal ɗin da ƙafa yau sai ya yi da gaske kafin ya gane shi. An cike wani sashe, gadoji sun bi ta kansa, abin da ya rage kwata ce mai baƙin ruwa, cike da ledojin fiya wata da robobin lemo. Ƙarƙashin gada 'yan kamasho na ta kiran fasinja cikin danfo, da magariba kuma hayaƙin tsire ya turnuƙe.

Tsofaffin gine-ginen yankin kowanne da rabonsa. Gidan yarin Broad Street, inda aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo, ya koma wurin shaƙatawa na Freedom Park a 2010. Tsohuwar sakatariyar tarayya ta Ikoyi kuwa an sayar da ita a 2006 don a mayar da ita gidajen kwana, sai taƙaddama da gwamnatin jihar Legas ta tsayar da aikin, ginin ya yi shekara da shekaru a kango.